Daga Bakin Igwa Zuwa Ƙofar Gida: Tarihin Turken da ke Gadin Mota

A watan Nuwamban 2017, rundunar 'yan sandan West Midlands ta Ingila ta saki wani ɗan gajeren bidiyo da kyamarar tsaron wani gida ta ɗauka a garin Solihull. Dare ne, Marsandi na ajiye a ƙofar gida, makullinta na can ciki wurin masu ita. Sai ga mutum biyu sun sauko daga wata mota, fuska a rufe, kowa da ɗan akwati a hannu. Ɗaya ya tsaya a jikin Marsandin, ɗayan ya matsa kusa da bangon gidan yana kaɗa nasa akwatin sama da ƙasa. Fitilu suka haska, ƙofa ta buɗe, inji ya tashi. Ba gilashin da aka fasa, ba ƙofar da aka ɓalle, ƙararrawa ko tari ba ta yi ba. Minti ɗaya ya ishe su.

Maganin da masu motoci da yawa suka koma gare shi ba shi da batir, ba shi da manhaja, ba ya kuma jin yaren kwamfuta. Bututun ƙarfe ne mai kauri, tsayinsa bai kai ƙugun mutum ba, a kafe a bakin farfajiyar gida, daidai inda mota za ta bi ta hau titi. Da safe maigida zai sunkuya ya buɗe shi da makulli, ya danna shi ya nutse cikin ƙasa, ya fita da motarsa. Da dare ya jawo shi sama ya kulle. A unguwannin Landan da Birmingham da Toronto, ganin mai motar alfarma durƙushe yana kokawa da turke ya daina ba kowa dariya.

Turken nan ya girmi motar da yake gadi nesa ba kusa ba.

A bakin teku ya fara aiki, inda ake buƙatar abu mai nauyi da za a ɗaure igiyar jirgin ruwa. Tun ƙarni na 17 da na 18, idan bindigar igwa ta tsufa ko ta tsage, sai a haƙa rami a gaɓa a binne fiye da rabinta a tsaye, abin da ya rage a waje ya zama maɗauri. Daga tashar jiragen ruwa dabarar ta shigo cikin gari. A kusurwoyin titunan Landan an riƙa kafa tsohuwar igwa baki a sama, a toshe bakin da dunƙulen ƙarfen da ya fi ramin girma don kada ruwan sama da shara su taru a ciki. Mutanen birnin na son ba da labarin cewa bindigogin Faransawa ne da aka ƙwace a yaƙin Trafalgar na 1805, aka jera su a titi don a wulaƙanta Napoleon. Labarin na da daɗin ji, amma guguwar da ta biyo bayan yaƙin ta raba Turawan Ingila da yawancin jiragen da suka kama, huɗu kacal suka isa Gibraltar. Abin da ba a musu a kai shi ne siffar ta zauna daram. Da igwar gaske ta yi ƙaranci, maƙeran ƙarni na 19 sai suka riƙa zuba sababbin turaku a kamanninta, har da zobban da ke jiki da ƙwallon da ke ka, kuma har gobe irinsu ake gani a tsakiyar Landan. A tsohon birnin Havana na Cuba kuwa, igwar gasken ce ke binne kai a ƙasa tana hana motoci shiga lunguna.

Inda babu igwa, itace ake kafawa. A 1721 ƙungiyar masana kayan tarihi ta Landan ta biya kuɗin kafa turaku biyu na itacen oak a gindin wata tsohuwar hasumiyar tunawa da Sarauniya Eleanor a Waltham Cross, saboda kekunan doki na gogar ta suna ɓarzar da dutsen. Amsterdam ma ta yi suna da nata turakun, masu launin jar ƙasa, kowanne da alamar giciye uku ta tambarin birnin. A tsakiyar shekarun 1980 an ƙiyasta sun kai 100,000.

Kusan duk waɗannan aikin hukuma ne, kuma abokin gabarsu direban ganganci ne. Ɓarawo bai shigo lissafi ba sai da mota ta zo.

Bai kuma ɓata lokaci ba. Satar motar da aka fi ambato a matsayin ta farko an yi ta ne a Paris a 1896, lokacin da wani makaniki ya gudu da Peugeot ɗin ubangidansa, Baron de Zuylen. A Disamban 1911 gungun Bonnot suka yi wa ma'aikacin wani banki fashi a wannan birnin, suka tsere a motar da suka sato, 'yan sanda na binsu a ƙafa da keke. Shekaru da dama bayan haka tayar da motar wani bai wuce haɗa waya biyu a ƙarƙashin sitiyari ba.

Yunƙurin farko mai ma'ana na hana satar shi ne makullin sitiyari, kuma darasin da ya bari ya fi shi kansa muhimmanci. Jamus ta Yamma ta wajabta shi a farkon shekarun 1960 ga sababbin motoci da tsofaffi baki ɗaya, sata ta faɗi warwas. Birtaniya ta bi sahu a 1971, amma ga sababbi kaɗai. Da masu binciken ma'aikatar cikin gida suka duba alƙaluma, sai suka tarar ɓarayi ba su tuba ba, sun dai koma kan tsofaffin motocin da ba su da makullin. Mai ƙaramin ƙarfi ne ya biya kuɗin tsaron mai hali.

Zuwa farkon shekarun 1990 abin ya kai intaha. Motocin da ake sacewa a Ingila da Wales sun haura rabin miliyan a shekara, kuma da yawan masu satar samari ne da ba sayarwa suke yi ba, wasan tsere kawai suke yi da su su ƙona. A 1991, a unguwar Blackbird Leys ta Oxford, jama'a kan taru da dare suna kallon yara na juya motocin sata a titi. A watan Satumban wannan shekarar rikici ya ɓarke a Meadow Well, kusa da Newcastle, bayan wasu samari biyu sun mutu a motar sata 'yan sanda na binsu. Majalisa ta yi doka ta musamman a kan lamarin a 1992. A wannan zamanin ne kuma wani salon fashi ya yi tashe: a sato mota mai ƙarfi, a danna ta da gudu cikin ƙofar kanti, a kwashe kaya a tsere kafin kowa ya farga. Masu kantunan zinare da na kayan lantarki suka fara jera turakun ƙarfe a gaban shagunansu. Nan ne turke ya tashi daga mai gyara zirga-zirga ya zama maigadi, nan ne kuma ya bar hannun hukuma ya shigo hannun mai dukiya.

Akwai wani reshen tarihin da ya bi hanyar jini. Bama-baman da ƙungiyar IRA ta tayar a cikin motoci a Landan, a Baltic Exchange a 1992 da Bishopsgate a 1993, da na Oklahoma a Amurka da ya kashe mutum 168 a 1995, su suka sa injiniyoyi suka ɗauki turke da gaske. Birtaniya ta fitar da ma'aunin PAS 68, wanda a ƙarƙashinsa aka riƙa sako babbar mota mai nauyin tan 7.5 a guje ta daki turken, a auna ko zai tsayar da ita. Bayan harin Nice na 2016, inda babbar mota ta bi ta kan jama'a ta kashe mutum 86, biranen Turai suka cika da su. Magoya bayan Arsenal da ke ɗaukar hoto a jikin manyan haruffan kankare masu sunan ƙungiyar a gaban filin Emirates, ba duka suka san shingen tare mota suke jingina da shi ba. Turken ƙofar gida dai ɗan ƙanen waɗannan ne, bai kama ƙafarsu a ƙarfi ba, kuma ba a yi shi don wannan aikin ba.

A ɓangaren sata kuwa, sai da aka yi zaton an gama da ita. Daga 1998 Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin motoci wata 'yar na'ura da ke cikin kan makulli, wadda ke gaisawa da ƙwaƙwalwar mota. In ba su fahimci juna ba, inji ba zai tashi ba ko an haɗa waya ɗari. Australiya ta bi a 2001, Kanada a 2007. A Ingila da Wales satar ta yi ta raguwa har ta sauko kusan 70,000 a shekara wajajen 2013. Sai dai tun da mota ba ta tashi sai da makullinta, ɓarayi suka koma neman makullin. Wasu na zura sandar kamun kifi ta ramin da ake jefa wasiƙu a jikin ƙofa su ƙwaƙulo shi daga kan tebur, wasu na fasa gidan gaba ɗaya masu shi na barci. An gudu gara an faɗa gidan zago.

Daga nan kamfanoni suka kawo abin da suka kira sauƙi. Marsandi ce ta fara a ƙarshen shekarun 1990, sauran suka biyo: makulli na aljihu, mutum ya matso ƙofa ta buɗe, ya danna maɓalli inji ya tashi. Motar kan aika ɗan siginar da ba ya wuce taku biyu, in makulli ya amsa, ta ɗauka mai ita ne a tsaye. Akwatunan nan biyu na Solihull ba abin da suka yi illa ƙara wa wannan hirar tsawo. Na jikin mota ya ɗauki kiran, ya miƙa wa na jikin bango, shi kuma ya isar da shi ga makullin da ke rataye a zaure, makulli ya amsa da zuciya ɗaya. Masana a jami'ar ETH ta Zurich sun nuna wannan raunin tun 2011 a kan motoci goma na kamfanoni takwas, duka kuma suka buɗe. Ƙungiyar direbobi ta Jamus, ADAC, ta gwada motoci 237, ta buɗe ta kuma tayar da 230. Ba za a ce kamfanonin ba su sani ba.

Da aka fara toshe wannan, wata ta ɓullo. A 2022 wani masanin tsaron kwamfuta a Landan ya tashi sau biyu ya tarar an yage bambar Toyota RAV4 ɗinsa an zazzago wayoyin fitilar gaba. Ya ɗauka aikin 'yan ɓarna ne, sai da motar ta ɓace. Binciken da ya yi da wani abokin aikinsa ya nuna ta wayar fitilar ake shiga jijiyar sadarwar motar, a aika wa ƙwaƙwalwarta saƙon ƙarya cewa an ga makulli. Na'urar da ake yin aikin da ita a cikin kwanson ƙaramar sifikar waƙa ake ɓoye ta, ko an kama mutum da ita sai ya ce kiɗa yake ji. Satar mota a Ingila da Wales ta sake hawa zuwa kusan 130,000 a shekara. A 2023 masu Range Rover a Landan suka fara rasa kamfanin inshorar da zai karɓe su a farashin hankali, har sai da kamfanin da ke ƙera su, Jaguar Land Rover, ya buɗe inshorarsa, ya kuma ware fam miliyan 10 don gyara tsaron motocin da ya riga ya sayar.

Wanda ya saba da gida mai doguwar katanga da get da maigadi zai tambaya me ya hana su kulle motar a ciki. Tsarin ginin ne. A Ingila, katangar da ke fuskantar titi ba ta wuce mita ɗaya ba tare da izinin hukuma ba, kuma miliyoyin gidaje sun daɓe ɗan lambun gabansu sun mayar da shi wurin ajiye mota. Garejin da aka gina shekaru hamsin da suka wuce ya yi wa jibga-jibgan motocin yau kaɗan, wanda bai yi kaɗan ba kuma ya cika da tarkace. Haka motar ke kwana a fili, taku biyar tsakaninta da titi, taku biyar tsakaninta da makullin da ke bayan ƙofa. Ɓarawo ba zai nemi tsarin da ya fi wannan ba.

Kafa turken aikin yini guda ne, amma ba na gaggawa ba. Sai an fara gano inda bututun gas da na ruwa da wayar lantarki suka bi, domin ramin kan kusa mita ɗaya a zurfi. A zuba tsakuwa a ƙasa don ruwa ya samu mafita, a saka kuben ƙarfen da turken zai riƙa shiga, a daidaita shi tsaye cak, a zagaye shi da kankare. In an yi ha'inci a tsakuwar, ruwa zai kwanta a kuben, ya yi tsatsa da damina, ya daskare da hunturu, maigida ya wayi gari turkensa ya kulle shi a gida. Akwai mai kwantawa ƙasa a kan ƙusa, shi ne mafi araha kuma mafi rauni. Akwai wanda ake cirewa ɗungurungum a ajiye gefe. Akwai mai tashi da rimot na masu hannu da shuni, wanda ya dawo da lantarkin da aka gudo dominsa. Masu saye a Birtaniya kan duba tambarin Sold Secure, shirin da 'yan sandan Northumbria da Essex suka kafa a 1992, inda ake ba ƙwararru guduma da zarto su gwada ƙarfin kaya kafin a ba shi daraja.

Ba wai ba a iya karya shi ba. Injin yankan ƙarfe mai batir zai ci shi in an ba shi lokaci, kuma in farfajiyar ta fi turken faɗi, ɓarawo zai bi ta kan ciyawar maƙwabci ya fice. Masu gida da yawa ma su suke fara karo da nasu, ranar da aka makara aka manta yana tsaye. Amfaninsa ɗaya ne, kuma ya isa: sana'ar da ta ginu a kan shiru da sauri, ya mayar da ita mai ƙara da tartsatsi da jinkiri. Wanda ya zo da shirin minti ɗaya ba ya son minti goma a ƙarƙashin fitilar titi.

A Kanada ma an rungumi turken da zafi. A 2022 an sace motoci fiye da 105,000 a ƙasar, kusan ɗaya a kowane minti biyar. A 2023 Toronto kaɗai ta rasa sama da 12,000, kamfanonin inshora kuma suka biya fiye da dalar Kanada biliyan 1.5. Motar ofis ta ministan shari'a sau uku ana sace ta cikin shekara uku. A farkon 2024 wani ɗan sandan Toronto ya shawarci mazauna wata unguwa da su riƙa barin makullin kusa da ƙofar shiga, don in ɓarayi sun faso su ɗauka su tafi ba tare da sun taɓa kowa ba. Maganar ta tayar da ƙura, amma ta faɗi gaskiyar inda aka kai. Gwamnati ta kira taron ƙasa a Ottawa a watan Fabrairun wannan shekarar, masu kafa turaku kuwa kasuwa ta buɗe musu.

Sai dai darasin 1971 na nan. Turke ba ya rage yawan ɓarayi, yana dai nuna musu gidan gaba. Muddin akwai mai saye, za a sato, kuma masu sayen da yawa ba a Toronto ko Solihull suke ba. A 2015 jami'an Birtaniya sun bi sawun wata Lexus da aka sace a Landan, mai ɗauke da na'urar bin diddigi, ta Le Havre da Oman da Mombasa har Kampala, inda suka same ta tare da wasu motoci 28 duk na sata daga Birtaniya. Motar Ingila mai sitiyari a dama ta dace da titunan Yuganda da Kenya. Ta Kanada mai sitiyari a hagu kuwa ta dace da Nijeriya, wadda ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, da Ghana da ta bi a 1974, da maƙwabtansu masu magana da Faransanci. Ana cusa ta a kwantena, ta bi jirgin ƙasa ko tirela zuwa tashar Montreal, bayan 'yan makonni ta sauka a Tema ko Legas. 'Yan jaridar CBC ta Kanada sun je Ghana sun ga irin waɗannan motocin ana tallarsu, wasu ko lambar Ontario ba a cire musu ba. A Nuwamban 2024 hukumar kwastam ta Nijeriya ta miƙa wa Kanada motocin sata 21 da ta kama, har da Rolls-Royce da Lamborghini.

Don haka duk mai shirin zuba miliyoyinsa a kan Lexus ko Highlander 'yar Kanada a Legas, Kwatano ko Kano, ya fara da lambar shasi. Ya gwada wadda ke ƙasan gilashin gaba da wadda ke jikin ƙofar direba da wadda ke takardar kwastam, ya kuma sa a bincika masa tarihinta kafin ya biya. Interpol na da rumbun bayanan motocin sata na duniya, kuma motar da aka samu a ciki ƙwace ta ake yi, ko nawa aka saye ta.